Shafi arba'in a kan tausayi

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, mai ƙarancin data ya ajiye shi sai dare.

Waɗanda muke tare a nan Ibadan sun san tsiyar da ake yi min. Duk wanda ya tambayi abin da nake bincike a digirina na biyu, in na ce masa kalma ɗaya ce ta Girkanci, sai ya fashe da dariya: "Ka baro Zariya, ka kwana a mota, saboda kalma ɗaya?" E, saboda kalma ɗaya. Kuma makon jiya ta ba ni kunyar da ban taɓa ji ba.

Kalmar ita ce splanchnizomai. Kada ku wahalar da harshenku, ni ma na yi wata guda ina sarƙewa. Ta fito sau 12 a Sabon Alkawari, duka a littattafan Matiyu, Markus da Luka. Tushenta splanchna, wato kayan ciki: hanta, huhu, zuciya, ƙoda. A wurin Girkawan dā, in an yanka dabbar hadaya, splanchna ake fara gasawa a ci, kamar yadda ake fara soya kayan ciki ranar Layya. Daga baya kalmar ta koma nufin abin da mutum yake ji can cikin cikinsa in ya ga wani a wahala. Aikina shi ne in bi ta fassara bayan fassara, in ga yadda kowa ya yi da ita.

Jerome, da ya yi fassarar Latin a ƙarshen ƙarni na 4, ya bar kayan cikin a wurare da dama, ya ce viscera. Fassarar Turanci ta Sarki James ta 1611 ta sa bowels, wato hanji, abin da yau in aka karanta a coci yara sai sun ƙunshe dariya. Fassarorin Turanci na yanzu sun kwashe hanjin kaf, sun koma zuciya. A Hausa kuwa, tsohon Littafi Mai Tsarki na 1932, wanda Dokta Walter Miller na Zariya yake cikin masu aikinsa, za ka riƙa cin karo da "juyayi". Na 1979 ya fi amfani da "tausayi".

Da farko na shigo da girman kai irin na sabon ɗalibi. Na rubuta cewa Hausa ta yi asara, Girkanci yana maganar hanji mu kuma mun tsaya a "tausayi" kawai. Malamin da ke duba aikina, dattijo ne Bayarabe, ya ja jan biro a ƙarƙashin jimlar, ya tambaye ni yadda ake cewa mutum yana murna da Hausa. Na ce farin ciki. Ya ce akasinsa fa? Na ce baƙin ciki. Sai ya yi shiru yana kallona. Ashe abin da na tafi nema a Girka yana bakina tun ina yaro. Mu ne masu cewa cikina ya ɗuri ruwa, hanjin cikina ya kaɗa, wane yana da zurfin ciki, wance 'yar'uwata ce ciki ɗaya. Ya ce su ma Yarbawa da inú, wato ciki, suke murna, da shi suke fushi. Wata 'yar ajinmu ta ce a Ibo mai kirki shi ne mai afọ ọma, kyakkyawan ciki. Abokin ɗakina, Bakatsine mai karanta Larabci, ya ƙara min da cewa rahama da rahim, wato mahaifa, tushensu ɗaya. Haka yake a Ibrananci ma, rahamim daga rehem.

Na kira Mama a waya, don har yau tsohuwar fassarar take karantawa, bangon ma ya cire ta ɗinke shi da zare. Na ce, "Mama, mene ne bambancin tausayi da juyayi?" Ta ce, "Kai da ke jami'a kake tambayata?" Na ce ta dai faɗa min. Ta ce, "Tausayi ko a rediyo ka ji labari za ka ji shi, ka ce wayyo, ka ci gaba da cin tuwonka. Juyayi kuwa, tuwon ba zai wuce ba." Na rubuta maganar a bayan littafina.

Abin da na gano a babi na uku, wanda har nake taƙama da shi, shi ne kalmar ba ta zuwa ita kaɗai. Duk inda aka ce wani ya ji wannan abu, sai ka ga aiki ya biyo baya. An ciyar da taron da ke jin yunwa, an taɓa idon makafi, mai bin bashi ya yafe, uba ya sheƙa a guje ya tarbi ɗansa da ya lalatar da gado. Sai labarin da ke Luka sura 10, wanda kusan kowa ya taɓa ji: 'yan fashi suka yi wa wani mutum lilis a hanyar Urushalima zuwa Yariko. Firist ya gan shi ya ratse. Balawe, shi ma ma'aikacin Haikali, ya ratse. Basamariye, wanda Yahudawa ba sa ko ga maciji da irinsa, shi ne kalmar ta sauka a kansa. Ya ɗaure masa raunuka, ya ɗora shi a dabbarsa, ya kai shi masauki, ya biya dinari biyu.

To, daren Alhamis ina kan wannan ayar daidai, don ranar Juma'a zan miƙa babin. Wajen ƙarfe tara saƙo ya shigo zaurenmu na WhatsApp na ɗaliban Arewa: wani ƙanenmu ɗan aji biyu ya yi haɗari a acaɓa, yana asibiti, ana neman jini leda biyu cikin gaggawa. Na duba rukunin jinin da aka rubuta. Irin nawa ne. Na san irin nawa ne. Na dubi agogo, na dubi kwamfuta, na ce a raina ai muna da yawa, wani zai je. Na rubuta "Allah ya ba shi lafiya", na sa hoton hannuwan addu'a, na kife wayar, na ci gaba da bayanin yadda Basamariye ya tsaya. Har indomi na dafa na cinye, ya kuma wuce lafiya lau.

Da safe na ƙirga. Mu sittin da wani abu muka yi addu'a a zauren. Waɗanda suka ba da jinin mutum biyu ne, kuma babu ko ɗayansu a zauren. Ɗaya 'yar ajin yaron ce, Bayarabiya. Ɗayan mai shayin nan ne da muke zama wurinsa in mun fito karatun dare, wanda ke kwana a Sabo. Wani ɗalibi ne ya karanta saƙon da ƙarfi yana jiran a soya masa ƙwai. Mutumin ya sauke tukunya, ya bar wa yaronsa tebur a lokacin da ciniki ya fi tafiya, ya tare acaɓa. Bai ma san rukunin jininsa ba, can aka gwada aka ga ya dace.

Na je asibitin ranar Juma'a da yamma, an riga an gama. Na zauna gefen gadon ina ta 'yan kame-kame. Da dare na wuce wurin mai shayin, na ce, "Baba, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. Ka san yaron ne?" Ya ce bai san ko sunansa ba. Na ce to me ya sa ka tashi haka? Ya dube ni kamar na yi tambayar banza, ya ce, "Ɗan mutane ne, iyayensa na nesa. Da wa zai je?" Sai ya ɗauki kofi ya ce, "Da madara ko babu?"

Ba ina raina addu'a ba ne, kada a yi min mummunar fahimta. Kuma na san a cikin sittin ɗin akwai wanda ba ya gari, akwai marar lafiya, akwai wanda jininsa bai dace ba. Kaina nake faɗa wa. Ni ina gari, lafiyata ƙalau, jinina ya dace, kuma duk makarantar nan da wuya a sami wanda ya fi ni sanin tarihin kalmar. A labarin Luka ma, biyun da suka ratse su ne masu karatun.

Ga abin da nake roƙo. Mun yi nisa da gida, daga nan zuwa Kano ko Jos ko Sakkwato tafiyar yini ce cur, in abu ya faru kafin iyaye su iso mu ne iyayen. Mu haɗa jerin sunaye: kowa ya rubuta rukunin jininsa da unguwar da yake kwana, shugabannin ƙungiya su riƙe, kada a baza shi a fili. Wanda bai san nasa ba ya je a gwada, ba ya ɗaukar lokaci. In saƙo ya sake zuwa, a kira mutum da sunansa, don "wani zai je" ita ta cuce ni. Musulmi da Kirista, 'yan digirin farko da mu tsofaffi, kowa ya shiga. Na riga na tura nawa.

Yaron yana samun sauƙi, mahaifiyarsa ta iso ranar Asabar. Babin kuma na miƙa a kan lokaci, malam ya ce ya yi kyau. Ban ji daɗin yabon ba ko kaɗan.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya tsare mu a hanyoyin nan, ya ba masu jarrabawa sa'a. In kun wuce wurin Baba, ku sha shayi ku biya har da na gobe.