Ranar da Malam ya ga farar takarda ta koma rawaya

Abin da zan ba ku labari a gidanmu ya faru, a Damagaram, cikin azumin shekarar 2021, wanda ya faɗo a tsakiyar zafin watan Afrilu. Na daɗe ina jin nauyin rubuta shi domin akwai laifina a ciki, amma na ga ɓoye shi ba zai amfani kowa ba.

Tun a 2019 likita ya tabbatar wa mahaifina, wanda muke kira Malam, cewa zuciyarsa ta yi rauni. Ƙafafunsa kan kumbura, ko tafiya daga zaure zuwa masallaci sai ya tsaya yana haki. Aka rubuta masa ƙwayoyi, biyu daga ciki su ne digoksin, mai ƙara wa zuciya ƙarfin bugu, da furosemid, mai fitar da ruwan jiki ta hanyar fitsari. Cikin ikon Allah ya samu sauƙi, har ya koma jan salla. Ni aka ɗora wa sayen maganin da ba shi, tunda ni ne na yi karatun boko a gidan. Sai dai shekara biyu ina buɗe kwali, ban taɓa warware takardar bayanin da ke naɗe a ciki ba.

Da azumi ya kama, Malam ya ɗauka kamar yadda ya saba, ba mu kuwa shawarci likita ba. A mako na biyu abinci ya fita ransa. Ko kunun buɗa-baki sai ya kurɓa ya ajiye, ga tashin zuciya, ga kasala. Muka ce zafi ne. Wata rana bayan la'asar yana duba littafi, ya ɗago ya ce mini, "Wa ya shafa wa takardar nan ruwan ɗorawa?" Takarda kuwa fara fat. Da magariba kuma ya ce yana ganin wani zobe kewaye da fitila.

Jin an ambaci rawaya, sai gida ya yanke hukunci cewa shawara ce, alhali farin idonsa bai sauya ba. Gwaggo ta kawo jiƙon wankin ciki, ya sha, ya kwana yana zawo. Ni kuma, saboda gudun kada ciwon zuciya ya tashi, ban fasa ba shi ƙwayoyinsa ba. Da asuba ya kasa miƙewa, maganarsa ta fara ruɗewa, muka garzaya asibiti.

Likitan da ya karɓe mu ya riƙe wuyan hannunsa, ya ƙirga bugu 44 a minti ɗaya. Ya ce in kawo duk abin da yake sha. Bayan awon zuciya da na jini, ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da har yau nake tunawa. Digoksin daga ganyen wani tsiro na ƙasashen Turai aka samo shi, kuma tun 1785 wani likitan Ingila, Wiliyam Witarin, ya rubuta amfanin tsiron tare da gubarsa. Tazarar da ke tsakanin adadin da yake warkarwa da wanda yake cutarwa ƴar kaɗan ce. Ƙoda ce ke fitar da shi daga jiki. Idan ruwan jiki ya ƙafe, aikin ƙoda ya ragu, sai maganin ya taru a jini ko da mutum bai ƙara ƙwaya ɗaya ba. Furosemid kuma yana fita da wani sinadari mai suna potasiyom, wanda idan ya yi ƙasa, gubar digoksin kan ƙara ƙarfi. Ƙishirwar azumi, zafin gari, maganin fitsari da zawon jiƙo duk sun haɗu a kan tsoho ɗaya.

Aka dakatar da digoksin, aka gyara masa ruwa da potasiyom a hankali, kwana shida muna asibiti. A daren farko na warware takardar nan ta cikin kwali. Rashin cin abinci, amai, ganin rawaya, jinkirin bugun zuciya, duk suna nan a rubuce da Faransanci, harshen da nake alfahari da iyawa. Lallai rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa ya fi muni, domin fitila na hannuna ban kunna ba.

Da aka sallame mu, Malam ya ce mini, "Ɗana, shekara nawa nake karantar da mutane cewa Shari'a ta yi wa majinyaci rangwame, sai ga shi da ta zo kaina na ji kunyar a ga liman yana shan ruwa da rana." Tun daga nan, kafin kowane azumi sai mun je wurin likita, abin da ya ce shi muke bi.

Ba na rubuta wannan don a ji tsoron magani ba, domin da waɗannan ƙwayoyi ne Allah ya sa Malam yake tare da mu. Barin su ba da izinin likita ba shi ma haɗari ne babba. Roƙona ga duk gidan da ke da mai ciwon zuciya shi ne a samu mutum ɗaya da ya san sunan kowace ƙwaya da illarta, ya kuma koyi ƙirga bugun jijiya. Idan bugun ya sauka ƙasa da 60 ga mai shan digoksin, ko aka ga amai, zawo, ruɗewa ko sauyin gani, a nemi likita a ranar, kafin a ba da ƙwaya ta gaba. Kada kuma a ɓoye masa jiƙo ko garin da aka sha.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu zama masu kula da amanar iyayenmu. Amin.