Abin da Aka Datse daga Hoton Jan-baki

Mai ɗaukar hoton ƙananan tsuntsaye yana da ƙa'ida: idon tsuntsun ya fito sarai, a bar fili a gaban bakinsa, a datse duk abin da ke janye hankali. A gonakin shinkafar Bakolori, waɗanda madatsar ruwan da aka kammala a 1978 ke shayarwa, wannan ƙa'ida kan ɓoye gaskiya. Jan-baki guda a kan zangarniya, wanda bai kai giram 30 ba, abin sha'awa ne. Abin da aka datse kuwa shi ne dubban 'yan'uwansa, da yaron da ke kaɗa gwangwani tun asuba. Manomin Talata Mafara faffaɗan hoto yake bukata, domin shi ne zai nuna wa jami'an gona girman ɓarnar.