Daga Garu Zuwa Kwatano: Watan Da Ya Dace A Kama Hanya

Mu mutanen Garu, nan gabas da Malanbil kusa da Kogin Kwara, idan aka ce za a yi doguwar tafiya ba nisan wurin muke fara tambaya ba, watan da za a tashi muke tambaya. Daga Malanbil zuwa Kwatano ya haura kilomita 700, hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, ta Kandi da Faraku da Sabe da Dasa da Bohikon. Amma wanda ya bi ta a Afrilu da wanda ya bi ta a Nuwamba, in suka zauna ba da labari, sai ka rantse ba ƙasa ɗaya suka ratsa ba.

Abin da ke rikita lissafin shi ne hanyar nan tana haɗa yanayi biyu da ba su jituwa. Mu a arewa daminarmu ɗaya ce, ta sauka wajen ƙarshen Mayu ko Yuni, ta ɗauke a farkon Oktoba. Su mutanen bakin teku damina biyu gare su: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga wajen ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, da ɗan sarari a tsakani cikin Agusta. Saboda haka a Yuni, lokacin da manomin Garu ke ɗaga kai sama yana roƙon ruwan shuka, unguwannin Kwatano da yawa suna cikin ruwa har gwiwa. A Agusta kuma sai abin ya juye, can iska mai sanyi da hadari marar zuba, nan marka ba dare ba rana. Duk wanda ya duba sararin garinsu kaɗai ya ɗaure kaya, rabin hanya kawai ya lissafa.

Wannan lissafi ya zame mini dole ne shekarar da ƙanwata ta haihu a unguwar Zango ta Kwatano, mahaifiyarmu kuma ta ce sai ta je ta ga jikanta da idonta. Inna ta haura shekara 70, tana da tarin da ke tashi in ta shaƙi ƙura, ga ciwon gwiwa. Tafiyar ba ta gaggawa ba ce, don suna ya riga ya wuce, saboda haka zaɓin wata yana hannunmu. Nan fa kowa a gidan ya zama masanin yanayi.

Ƙanena malamin makaranta ne, shi Agusta ya tsaya a kai. Akwai dogon hutu, zai iya raka mu, kuma Kwatano ba ta da watan da ya fi wannan daɗin zama. Duk gaskiya ya faɗa, sai dai ya manta da ƙofar gida. Agusta da Satumba su ne watannin da Kwara ke cika da jan ruwan da rafukan yankinmu ke zuba mata, Sota da Alibori su kumbura, fadamun shinkafa su koma tafki, hanyoyin ƙauyuka su zama taɓon da ko ɗan kabu-kabu sai ya sauka ya tura. Ba mu manta da ambaliyar 2010 ba, wadda ta cinye gidaje da gonaki a ƙasar Benin tun daga Karimama da Malanbil har kudu. A Satumban 2018 kuwa gadar Kogin Sota ta mashigar Malanbil ta rufta bayan ruwa mai yawa, manyan motoci suka yi layi a ɓangarorin biyu, mutane suka koma tsallakawa da kwalekwale. Saurayi zai iya naɗe wando ya shiga jirgi da kayansa a ka. Tsohuwa mai ciwon gwiwa fa? Ko da ba abin da ya karye, tafiya cikin ruwan sama tana da nata haraji: ramukan kwalta su cika da ruwa direba bai san zurfinsu ba, kayan da aka ɗaure a saman mota su jiƙe, tagogi a rufe, mutum ya yi ta shaƙar numfashin na kusa da shi.

Bazara ba wanda ya ma kawo ta da gaske. Daga Maris zuwa Mayu zafin yankin Malanbil yakan wuce digiri 40, kwalta ta yi laushi, tayoyin da suka sha jiki su riƙa fashewa, lagireto ya tafasa a tsakiyar daji inda ba inuwa. A 2024 da 2025 ma azumi ya faɗo ne cikin Maris, ga kuma sanƙarau da ke son irin wannan lokaci na zafi da cunkoso. Da can maganin bazara shi ne tafiyar dare, a tashi bayan la'asar a wayi gari an yi nisa. Yanzu da matsalar tsaro ta shigo jihar Alibori, mutane da yawa sun fi so rana ta gan su tsakanin Malanbil da Kandi.

Wanda muka fi jan magana da shi kawuna ne, ɗan kasuwar albasa, wanda ya bi hanyar nan fiye da a ƙirga. Shi hunturu yake so, Disamba zuwa Janairu. Ya ce da ni, "Kai yaro, mota ma ta fi son sanyi. Inji ba ya zafi, kaya ba sa ruɓewa, ba ruwa ba laka." Na ce, "Kawu, albasa ba ta tari." Ya yi dariya, amma bai sauka daga ra'ayinsa ba, kuma ga mai ɗaukar kaya ban ga laifin ra'ayin ba. Ni dai abin da na sani game da hunturun hanyar nan shi ne hazo. Ƙurar da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi takan rufe gari har direba ya kunna fitila da hantsi. A daidai lokacin ne kuma ake kwasar auduga, manyan motoci maƙare daga Banikoara da Kandi suna rangaji a kan kwalta, wuce su cikin hazo sai da addu'a. Ga masu ƙona daji a gefen hanya, hayaƙi ya haɗu da ƙura. Ga cunkoson ƙarshen shekara a tashoshi, kujera ta yi wuya, kuɗin mota ya ɗaga. Sanyin asuba kuwa, a motar da gilashinta ba ya rufuwa sosai, ƙashi yake nema.

Akwai wani abin mamaki na hunturu da baƙo ba ya ganewa sai an nuna masa. Ana tsakiyar rani, ba ɗigon ruwan sama, sai Kwara ta sake cika. Ruwan daminar tsaunukan Gini ne, wanda ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso mana wajen Disamba da Janairu. Da, wannan bai dami matafiyi ba, gadar Malanbil zuwa Gaya tana nan. Amma tun da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, masu zuwa Doso da Yamai suka koma bin jirgin ruwa, sai cikar kogi da ƙarfin iska suka shiga lissafin tafiyar mota.

Ina tsammanin kakanninmu fatake sun gama wannan bincike tun kafin a haifi mota. Ayarin goro da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja yakan tsallaka Kwara a wannan yanki namu, wajen Ilo da Gaya, ya ratsa ƙasar Bargu ta Jugu har Salaga. Madugu ba ya tayar da ayari da damina. Sai ruwa ya ɗauke, rafuka sun ja baya yadda jaki zai iya ratsawa, amma ciyawa ba ta ƙone ba, rijiyoyi ba su ƙafe ba, hatsi kuma yana araha a kowane zango saboda an yi girbi. Wato kaka. Jaki ya koma bas, zango ya koma tasha, amma ruwa da rana suna nan kan ƙa'idarsu.

Nuwamba muka tsayar, mako na biyu. A lokacin ƙasa ta bushe a arewa, hazo bai yi kauri ba, motocin auduga ba su cika hanya ba, ƙaramar daminar kudu kuma tana tattara kayanta. Akwai kuma dalilin da ba ya cikin littafin yanayi: an yanke gero, an fara sayar da amfanin gona, akwai 'yan sefa a aljihu. Ban ce watan ba shi da aibu ba. Ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba suna da wani zafi mai naci da rana tsaka, ramukan da damina ta haƙa a kwalta ma ba a kai ga cike su ba. Kuma damar gajeriya ce, mako biyar ko shida, in aka yi jinkiri sai a faɗa hunturu.

Mun tashi daga Garu bayan sallar asuba, muka shiga bas a Malanbil, muka raba tafiyar biyu saboda gwiwar Inna, muka kwana a Faraku. Washegari, tun daga wajen Sabe iska ta fara sauya, ta yi nauyi da laima, itatuwan kaɗanya suka ragu, kwakwar manja ta fara bayyana, duwatsun Dasa suka fito kore shar. Kusa da Bohikon aka ɗan yi yayyafi, wanda bai ko jiƙa buhun shinkafar da muka ɗauko wa mai jego ba. Inna ta miƙa hannu ta taga ta taɓa ruwan, ta ce rabonta da ganin ruwan sama bayan an kai gero rumbu tun tana amarya.

Komawa kuma wani lissafin ne daban, don ƙanwata ta so Inna ta zauna har bayan sabuwar shekara. Na ce ko dai mu juyo kafin tsakiyar Disamba, ko kuma ta zauna can sai hazo ya lafa a ƙarshen Fabrairu, kafin zafi ya kama. Inna ta zaɓi na farko, wai awakinta ba su san kowa ba sai ita.