Farin da ke cikin man goge baki

Da safe ina jiran ruwan shayi ya tafasa, sai idona ya kai kan ƙananan rubutun da ke bayan man goge baki. Can ƙarshe an sa CI 77891. Lambar titanium dioxide ce, hodar da ke sa man ya yi fari fat. Gefe ga man ƙurajen kunzugun jaririyarmu, shi kuma zinc oxide ne a ciki. Farin ɓawon cingam ma sau da yawa hodar farkon ce, da sunan E171.

Wani kaso na hodar ƙwayoyi ne da ba su kai nanomita 100 ba, alhali kaurin silin gashi ɗaya kusan 80,000 ne. A 2017 masu bincike na cibiyar INRA a Faransa suka shayar da ɓeraye E171 kwana 100, suka ga alamun farkon ƙari a hanjin wasunsu. Faransa ta dakatar da ita a abinci a 2020, Tarayyar Turai ta hana a 2022, Amurka kuwa har yanzu ta yarda da ita har kashi 1 cikin 100 na abincin.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawancin gwajin ɗai-ɗai ake yi, ɓera guda, hoda guda, mu kuwa a haɗe suke iske mu. Kowace mai girki ta san haɗi ba ya bin lissafi: jefa kanwa a miyar yakuwa, tsamin ya mutu. Haka abin yake a cikin dabba. Zinc oxide na narkewa a tsamin ciki, in ya yi yawa hanta da ƙoda ke shan wuya. Titanium ba ya narkewa, ɗan dako ne, wasu gubobi ke manne masa. An gwada da kifi a ruwa mai cadmium, ya tara gubar fiye da kima da aka zuba masa hodar. Wani lokacin kuma ƙwayoyin su dunƙule, lahanin ya ragu.

Man jaririya dai ban jefar ba, don waɗannan ƙwayoyi ba su cika ratsa lafiyayyar fata ba. Haɗiya ce damuwata. Iyaye, yara kan lashe man goge baki kamar alewa, a riƙa matsa musu kamar ƙwayar wake, a tsaya a ga sun tofar.