Ɗigon dalma da ya ba ni kunya

Ni mai gyaran radiyo ne. Na koyi sana'ar a Maraɗi, ƙarƙashin wata rumfar kwano kusa da kasuwa, ina yaro ɗan shekara 16. Karatu kuwa sai da na girma na same shi, a ajin yaƙi da jahilci, da dare bayan an tashi daga aiki. Yau ina so in ba ku labarin wani ɗigon dalma wanda bai kai ƙwayar dawa ba. Shi ya ba ni kunyar da ban taɓa jin irinta ba, shi ne kuma ya koya mini abin da har gobe nike ci da shi.

In kun taɓa buɗe bayan radiyo, kun ga wani ɗan allo an jera ƙananan kaya bisanshi, wasu kamar ƙwayar wake, wasu kamar guntun kara. Kowane shina da ƙafafu na waya. Abin da ke riƙe ƙafafun nan ga allo, shi kuma bar wuta ta wuce, shi ne liƙi. Mu masu gyara muna ce ma abin liƙin dalma, amma ba dalma ce zalla ba. Haɗi ne na dalma da kuza, irin kuzar da anka haƙa a Elmeki cikin duwatsun Ayar, da kuma ƙasar Jos.

To, ga abin mamaki. Ruwa shina tafasa a zafin digiri 100. Dalma ba ta narkewa sai a 327, kuza kuwa a 232. Amma in anka haɗa kashi 63 na kuza da kashi 37 na dalma, sai haɗin shi narke a 183, ƙasa da kowace ɗaya cikinsu. Shi ya sa ake iya liƙe ƙananan kayan nan ba tare da zafi ya ƙone su ba. Haɗin kuma shina malala da kyau, shi kama jan ƙarfe ƙam. Ni lokacin nan ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. A wurina dalma dalma ce.

Cikin bazarar 1978 maigidana ya tafi Kano sarin kaya, ya bar mini rumfa. Sai ga wani malamin yaƙi da jahilci daga wani ƙauye can wajen Dakoro, riƙe da radiyo cikin tsumma. Ƴan ajinshi sunka yi karo-karo sunka saye ta. Da ita suke sauraron Muryar Sahel, su ji labarin duniya da shawarar malaman gona, in an gama su tattauna. Ta daina magana, ga damina ta gabato.

Na buɗe, na ga ƙafar wani abu guda ce ta saki. Aiki ne na minti 5. Sai dai dalmar liƙi ta ƙare, ita ce ma maigida ya tafi sayowa. Ban so in ce ma baƙo ba ni iyawa. Na samo dalma daga wani mataccen batir na mota, na share ɓurɓushin da ke bisa tebur na haɗa, na gasa ƙarfen liƙi cikin gawayi har ya yi zafi sosai, na ɗiga. Ɗigon bai yi ƙyalli ba, ya fito toka-toka, da ƙyar ya kama. Amma da na sa pil, sai radiyo ta ɗau magana tangaran. Malam ya yi murna, ya ba ni dala 60, ya hau motar ƴan kasuwa. Ni kuwa ina jin na zama gwani.

Kwana 19 sai ga shi ya komo, fuska ba annuri. Ya iske maigida ya dawo. Ya gaida shi, ya ce: "Baba, radiyon nan kwana 8 ta yi tana magana, sai ta fara yankewa, sai ta yi shiru. Mutanena suna cewa ban kai ta gyara ba, kuɗinsu na ci. Rabin ajin sun daina zuwa."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Maigida bai zage ni ba, bai buge ni ba. Ya buɗe radiyo, ya ɗauko gilashinshi mai ƙara girman abu, ya ce in duba. Na ga wata tsaga siririya ta kewaye ƙafar da na liƙa. Ya kankare aikina sarai, ya sake liƙi da dalmar kirki. Radiyo ta yi magana. Na miƙa hannu zan rufe bayanta, sai ya riƙe ni, ya ce: "Bari, yaro. Wa ya ce maka ta warke? Ranar nan ma ai ta yi magana."

Ya roƙi malam shi kwana gidanshi 3. Da tsakar rana sai shi cire pil, shi aza radiyo bisa kwanon rumfa ta sha zafi, shi sauko da ita shi kunna. Da dare shi aje ta gindin randa inda sanyi da laima suke, da asuba shi kunna. Shi ɗauki ɗan icce shi ƙwanƙwasa allon nan da can tana cikin magana, shi girgiza ta kamar yadda mota za ta yi mata. Rana ta 2 wani liƙi dabam, tsoho, wanda ba nawa ba, ya tona kanshi, ya gyara shi. Rana ta 3 ya maida ma malam dala 60 ɗinshi, ya sa na rako shi har tasha in ba shi haƙuri. Da na komo ya ce mini: "Radiyo ba cikin inuwar rumfarka za ta zauna ba. Ka tambaye ta inda za ta, ka gwada ta da wahalar wurin."

Na riƙe wannan magana fiye da shekara 40, ina tsammanin dabarar tsohon nan ce shi kaɗai. Sai jikana ya shiga Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, shina karatun kimiyya. Wani hutu ya iske na aza wata radiyo bisa kwano, ya yi dariya ya ce: "Kaka, ashe kai ma kana da ɗakin bincike!" Na ce shi bar tsokanata shi yi mini bayani. Ya kawo littattafanshi na Faransanci, muna zaune shina fassara mini. Ga abin da na fahimta.

Kowane abu shina miƙewa in ya ji zafi, shi tsuke in ya ji sanyi. Shi ne ƙarar da kuke ji rufin kwano shina yi da hantsi. Sandar jan ƙarfe mai tsawon mita 1, in ta ƙara zafin digiri 100, tana ƙara tsawo da abin da bai kai milimita 2 ba. Kaɗan ne. Amma kayan cikin radiyo ba iri ɗaya ba ne, kuma ba tare suke miƙewa ba. Jan ƙarfe shina miƙewa kamar ninki 6 na silikon, wato abin da ake yin zuciyar kayan lantarki da shi. Wannan shina ja da yawa, wancan shina ja kaɗan, liƙin da ke tsakaninsu shi ke shan wahala. Kullum rana ta fito ta faɗi, an lanƙwasa shi sau ɗaya ke nan. Kun san waya in ana lanƙwasa ta gaba da baya, ƙarshenta karyewa. Liƙin kirki shina jure wannan shekaru da yawa. Nawa bai kama jan ƙarfen da kyau ba tun farko, shi ya sa kwana 8 da hanyar Dakoro sunka ishe shi.

Domin haka ne masu binciken kayan ƙira a ƙasashen da ake yin waɗannan abubuwa ba su jiran shekaru su nuna musu. Suna da akwatuna masu zafi da sanyi da laima, suna tsofar da kaya da gangan. Wani gwaji sananne shi ne a aje abu cikin zafin digiri 85 da laima kashi 85 cikin 100 har awa 1000. Wani kuma a dinga kai shi daga sanyin da ya fi na ƙanƙara nesa zuwa zafi mai tsanani, sau ɗaruruwa. Akwai tebur mai girgiza. Bayan haka su yanka liƙin biyu, su goge, su duba da madubi mai ƙarfi, su ga inda tsaga ta fara. Kwanon rumfa da gindin randa da ɗan icce ke nan, sai dai su da ma'auni suke yi, suna kuma rubutawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kuza tana tsiro gashi. Ana shafa kuza bisa ƙafafun kaya domin kada su yi tsatsa, liƙi kuma shi kama. In kuzar zalla ce, bayan watanni ko shekaru sai wasu zaruruwa na ƙarfe su fito daga jikinta, sun fi gashin kai siranta ƙwarai, wasu su kai tsawon milimita da dama. Jan ƙarfen da ke ƙarƙashi shi ke kutsawa cikin kuzar sannu sannu, shi matse ta, ita kuwa ta nemi mafita. In gashin nan ya taɓa ƙafar maƙwabta, wuta ta bi ta inda ba a so, na'ura ta lalace. Masu bincike na gidan Bell a Amurka, inda anka ƙirƙiro taransisto a 1947, sun ba da bayanin wannan gashi a 1951. Kafin ƙarshen shekarun 1950 wani daga cikinsu mai suna Arnold ya nuna cewa in anka sa dalma ƴar kaɗan cikin kuzar, gashin ba shi zama abin tsoro.

Kada ku ce ƙaramin abu ne. A watan Mayu na 1998 wani tauraron ɗan adam na Amurka mai suna Galaxy IV ya daina aiki can sama. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙananan na'urorin karɓar saƙo da likitoci da sauran ma'aikata ke ratayawa a ƙasar sunka yi shiru. Masu bincike sun ɗora laifin bisa gashin kuza cikin wani ƙaramin makunni. Da na ji haka na ce ma jikana ashe ba ni kaɗai ƙarfe ya kunyata ba.

Sai kuma wata matsala ta taso, domin dalma guba ce. Tana lalata ƙwaƙwalwar yara. Mun ji abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 sunka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa cikin gidaje. Tsoffin kayan lantarki ma in anka zubar, dalmarsu tana shiga ƙasa da ruwa. Daga ranar 1 ga Yuli 2006 ƙasashen Tarayyar Turai sunka hana sa dalma cikin mafi yawan sabbin kayan lantarki. Dole masu bincike sunka koma neman wani haɗi. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne kuza kashi 96 da rabi, azurfa kashi 3, jan ƙarfe rabin kashi. Shina narkewa wajen digiri 217, ya fi tsohon haɗi son zafi.

Da dalma ta fita, tsoron gashin kuza ya dawo. Sai anka nemo dabaru: a shimfiɗa nikel tsakanin jan ƙarfe da kuza, ko a gasa kayan awa 1 a digiri 150 bayan an shafa kuzar. Ba a kuma yarda da dabara da baki kawai ba. A 2006 ƙungiyar masu ƙera kayan lantarki mai suna JEDEC ta fitar da ƙa'idar gwaji. A ciki akwai aje kaya awa 4000 cikin zafi da laima, wato sama da wata 5, da kai su tsakanin sanyi da zafi har sau 1500, ana dubawa ana auna tsawon duk gashin da ya fito. Wanda ya wuce iyaka, a ƙi shi.

Yanzu radiyo ta ragu a rumfata. Salula da fitilu masu aiki da hasken rana sun fi yawa. Kayan cikinsu sun ƙara ƙanƙanta, liƙinsu wani ido ba shi ganinshi, ga zafin ƙasarmu da ke wuce digiri 40 cikin inuwa a watan Afrilu. Fitila 2 suna iya yin haske iri ɗaya ranar saye, guda ta yi shekara 5, guda ta mutu kafin damina. Sau da yawa bambancinsu shina cikin abin da mai saye ba shi gani: irin haɗin da anka yi liƙi da shi, da ko an gwada ko ba a gwada ba. Gwaji shina cin lokaci da kuɗi, shi ya sa mai son arha tsabar arha ke tsallake shi.

Ga kirana ga yara masu koyon gyara. Ku san irin dalmar da ke hannunku da zafin da take so. Kada ku narka dalmar batir, kada ku bar ƙananan yara kusa da teburin aiki, ku wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. In kunka gama gyara, kada ku miƙa ma mai shi nan take domin ya kama. Ku bar shi shi yi zafi, shi huce, ku ƙwanƙwasa, ku sake kunnawa. Ku kuma masu kawo gyara, in mai gyara ya ce ku dawo gobe, ku yi mashi haƙuri.

Malamin nan ya aiko mana da saƙo bayan kaka, da ɗan tulun man shanu. Ya ce radiyo tana nan lafiya, ajin kuma ya sake cika. Maigida bai taɓa man ba, ya ce in kai ma uwata. Allah shi jiƙanshi da rahama, mu kuma Allah shi sa mu riƙe amanar abin da anka damƙa mana.