Yumɓun da ya ba da Shaida

A wajenmu Tsaskiya, yumɓu abin gina tukunya da randa ne, ba wanda ke tambayarsa labari. Shi ya sa na daɗe ina jinjina wani yumɓu na ƙasar Italiya, wanda kaurinsa bai kai na ɗan yatsa ba, amma aka sa shi ya faɗi abin da ya auku shekara miliyan 66 da suka wuce.

Wani masanin duwatsu Ba'amurke, Walter Alvarez, shi ya tsaya a kansa a wani kwazazzabo kusa da garin Gubbio. Dutsen da ke ƙarƙashin yumɓun cike yake da ɓawon ƙananan halittun teku, na samansa kuwa sai ɗaiɗaiku. Sai ya so ya san shekara nawa yumɓun ya yi yana taruwa. Mahaifinsa Luis ya ce su auna wani ƙarfe, wai shi iridiyom. Dalili kuwa, ƙarfen nan ya yi ƙaranci ƙwarai a bayan ƙasa, amma kullum yana sauka kaɗan-kaɗan cikin ƙurar samaniya, don haka yawansa zai zama tamkar agogo. Awon ba wasa ba ne, kamar neman ƴan ƙwayoyin gero ne masu alama cikin lodin babbar mota.

Agogo suka fita nema, sai suka ci karo da shaidar kisa. Iridiyom ɗin ya ninka na duwatsun kewaye sau 30, a Denmark ma sau 160. A 1980, su biyun tare da Frank Asaro da Helen Michel, suka ce wani dutse mai faɗin kilomita 10 ne ya faɗo daga sama, ƙurarsa ta rufe rana, tsirrai suka mutu, kusan kashi uku cikin huɗu na jinsunan halittu suka bi su. An yi ta gardama, sai a 1991 aka nuna ramin, binne a Chicxulub ta ƙasar Meziko, faɗinsa wajen kilomita 180. Allah mai iko!

To, ya kai ɗan'uwa marubuci, kada ka ɗauka labarin Turawa ne kawai. Mu dai a Tsaskiya ba mu da wannan shafi, don duwatsunmu sun girmi abin da ɗaruruwan miliyoyin shekaru. Amma a zamanin teku ne ke kwance a ƙasar Sakkwato. A duwatsun Dukamaje, na kafin faɗuwar, an tono ƙasusuwan wani dodon ruwa da masana Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, wato da sunan Goronyo. Na Dange da na Kalambaina, inda ake ɗibar dutsen siminti, bayan faɗuwar suka taru. Mutum na iya shafe ginin ɗakinsa da ragowar tekun nan bai sani ba. Mun cika kasuwa da littattafan soyayya, ban kuwa raina su ba, ni ma ina karantawa, amma har yau ban ga dodon Goronyo ko a tatsuniya ba.

Ga kuma na gida. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a gona a Zagami, nan lardin Katsina. Awo ya nuna daga duniyar Mirrihi ya fito. An yayyanka shi, dillalai a Amurka da Turai suka yi ta sayar da gutsattsarinsa giram-giram.