Allurar da Na Gaskata

Kawuna makaɗin kalangu ne, na mahauta. Abin da ya rage mana na kiɗansa kaset ɗaya ne tak, wanda aka ɗauka a wani biki tun ina firamare. Bayan rasuwarsa Inna ta naɗe kaset ɗin a tsumma ta adana cikin kwalla a ƙarƙashin gado. Ni na yi ta roƙonta ta ba ni, na ce zan kwashe shi zuwa kwamfuta kafin zaren ya lalace. Sai da ta yi jim, sannan ta miƙo mini da hannu biyu.

A lokacin ban daɗe da sayen wata 'yar na'ura da ake kira DAC ba. Aikinta shi ne ta karɓi lambobin da kwamfuta ke ajiye sauti da su, ta mayar da su wutar da lasifika za ta iya furtawa. Amma ni fuskarta ce ta tafi da hankalina. Wani ɗan gilashi ne da bai fi faɗin akwatin ashana ba, a kusurwarsa an rubuta 44.1, wato sau 44,100 ake auna sautin a kowane sakan, kamar a faifan CD. A tsakiya kuma allurai biyu ne na zane, masu hasken ruwan zuma, suna rausaya irin na rikodar babanmu. Nakan kashe fitila in zauna ina kallonsu har dare ya raba.

Kwafin farko ya fito lafiya, sai dai muryarsa ƙasa-ƙasa, allurai ko rabin hanya ba sa kaiwa. Abin ya tsaya mini a rai. Na shiga manhaja na dinga ƙara ƙarfi, ina kallon gilashin, har allurai suka riƙa sumbatar sifili ba tare da sun faɗa ja ba. Kunnena ya ji wani ƙaras-ƙaras a duk lokacin da sanda ta sauka kan fata. Wallahi na ji shi sarai. Na dubi allura, na ga ba ta nuna laifi ba, sai na ɗora wa tsufan kaset. Na ajiye sabon a kan tsohon, da suna ɗaya, na farkon ya tafi.

Daga baya na fahimci abin da nake kallo. Wannan allura kwaikwayon ma'aunin VU ce, wanda injiniyoyin Bell da CBS da NBC suka fito da shi a Amurka a 1939 domin gidajen rediyo. Da gangan aka yi ta da nauyin jiki: tana ɗaukar milisakan 300, kusan sulusin sakan, kafin ta isa inda sauti yake. Matsakaicin ƙarfi take nunawa, kusa da yadda kunne ke jin kauri. Dukan kalangu kuwa kafin ta yunƙura ya hau ya sauko, yana iya zarce abin da ta nuna da desibel 10 ko fiye. A zamanin kaset wannan da sauƙi, domin zare idan an cika masa kaya danne sautin yake yi a hankali. Lamba ba ta da wannan haƙuri. Sauti mai bit 16 matakai 65,536 gare shi, na ƙarshensu shi ne sifili, kuma duk abin da ya nemi wuce nan sai a datse masa kai. Kan kowane duka na Kawu na datse.

Na kai wa Inna cikin waya ina murna. Ta kara a kunne, ta saurara kamar minti ɗaya, sannan ta ajiye a kan tabarma.

"Ɗan nan, wannan ba hannun Yaya ba ne. Kalangunsa magana yake yi. Wannan kuwa kamar ana dukan kwano."

"Inna, tsufan kaset ne."

"Uhm," kawai ta ce.

Na koma in sake kwafa, tsohuwar rikodar da na aro ta cinye zaren, ta tauna fiye da rabinsa. Akwai manhajojin da ke gyara sautin da aka datse, na gwada su, amma kintace suke yi. Sai bayan wata biyu na iya zama gabanta na faɗa mata cewa ni na ɓata shi. Ta ce Allah ya jiƙan Yaya, ba ta ƙara tayar da zancen ba, kuma shirun nan ya fi mini faɗa zafi.

Har yau na'urar tana kan teburina. Idan aiki nake, nakan juya gilashin zuwa ma'aunin ƙololuwa, sandunan nan marasa ado da ke kama duka nan take, in bar tazarar desibel 6 a ƙasan sifili. Idan saurare nake, kashe shi nake yi gaba ɗaya.

Kai mai kaset ɗin wani naka da ya riga mu gidan gaskiya, don Allah ka ajiye kwafin farko daban, kada ka taɓa shi. In kuma kunnenka ya ce maka akwai matsala, tsayar da aikin ka sake saurare.